Kilisa zuwa Bubon, da daren da muka kafa tanti a kan hanyar dorina

Tun kafin kiran assalatu Baba ya gama ɗaura wa dawaki sirdi. Mu tara ne, dawaki goma. Na goman shi aka ɗora wa buhun dusa, tabarmi, tantuna biyu da kayan shayi. Sanyin Janairu a bakin gulbi ba ya raga wa kowa. Duk mun naɗe kai da rawani, ido kawai ake gani, numfashin dawaki kuwa sai tashi yake kamar hayaƙin murhu. Muka yi salla a bakin turke, Alhaji shugabanmu ya yi addu'ar tafiya, muka tashi daga wajen Gudel, wata unguwa a Yamai, muka nufi Bubon, wani gari a bakin gulbi. Ranar Talata ce, da niyyar mu kwana can mu wayi gari a kasuwar Laraba.

Ga wanda bai san mu ba, mu ba ƴan sukuwa ba ne. Masu sukuwa suna da filinsu a Yamai, suna da yaransu marasa nauyi da ke hawa musu. Mu ƴan kilisa ne kawai: ƴan kasuwa biyu daga kasuwar Katako ta Yamai, tela ɗaya, malamin makaranta (ni ke nan), wani tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, sai samari ƴan jami'ar Abdou Moumouni da suka shigo kwanan baya. Duk Lahadi da la'asar mukan hau mu zaga, mu dawo kafin magariba. Sau ɗaya a shekara kuma, lokacin ɗari, mukan yi tafiyar kwana. Baba ba ɗan ƙungiya ba ne a takarda. Shi ke kula mana da dabbobin, mutumin Arewa ne daga wajen Dogon Dutsi, kuma tun yana yaro yake yanka wa dawaki ciyawa. Ba ya biyan kuɗin wata, ba ya shiga WhatsApp ɗinmu, amma in ya ce doki ba zai fita yau ba, to ba mai fitar da shi.

An sha gardama kafin a tsayar da inda za a je. Samarin sun so Kure, kilomita sittin a hanyar Doso, don ganin raƙuman dawa. Ban ga laifinsu ba. Su ne irinsu na ƙarshe da suka rage a Afirka ta Yamma, a 1996 guda 49 kacal aka ƙirga, yanzu sun haura 600, har aka ɗebi takwas a 2018 aka kai gandun dajin Gadabeji. Amma tun harin 9 ga Agusta 2020, da aka kashe mutum takwas a can, Faransawa shida da ƴan Nijar biyu, ba kowane iyali ne zai bar mutum ya je ya kwana a wannan daji ba. Gandun namun daji na W kuwa ba wanda ma ya ambace shi. Sai Alhaji ya yanke: Bubon, kilomita ashirin da biyar ko kusa da haka, mu sanar da hukuma kafin mu tashi, kada mu wuce garin ko da taki ɗaya. Haka aka yi.

Tafiyar safe ba ta da wani labari mai yawa. Mun bi bayan lambunan mangwaro da na salati, mun ba sansanin soja na Tondibiya fili sosai kamar yadda aka gargaɗe mu, mun gangara ƙoramu busassu mun hau tudun jar tsakuwa. Abin da ya riƙe mini ido shi ne gulbin kansa. Wata uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ƙasa ta bushe ƙamas, amma gulbin Isa, wato kogin Neja, ya cika ya batse har ya shiga gindin goriba. Ɗaya daga cikin samarin ya tambaya ko an yi ruwa ne a wani wuri. An yi, amma tun damina, a tsaunukan Gini. Ruwan nan sai ya bazu a fadamun Masina na Mali, ya yi watanni yana jan ƙafa, sannan ya iso mana a tsakiyar ɗari, ya tace ya yi duhu. Daban yake da jan ruwan Agusta da Satumba, wanda ƙoramu irin su Sirba ke kwararo mana daga wajen Burkina, irin wanda ya kai mita bakwai a 2020 ya cinye gidajen mutane. Na yi musu wannan bayani a kan sirdi, ina jin kaina malami. Ashe da yamma ni za a zaunar a koya wa karatu.

Dokina kili ne, shekararsa bakwai, ba shi da gardama. Na saye shi shekara uku da suka wuce, kuma ban taɓa sa masa kaimi ba sai a wannan tafiya, don na ga tela ya sa nasa suna walƙiya. Linzamin da ke bakinsa irin namu ne na gargajiya, mai zoben ƙarfe da ke zagaye haɓa. Masu hawan salla suna son sa, don da shi ake zamiya a gaban sarki, doki ya tsaya cak yana cikin gudu. Amma wanda ya taɓa sa yatsa ya taɓa harshen ƙarfen nan ya san abin da yake yi wa dasashi in hannu ya yi nauyi.

Muka yi azahar a ƙarƙashin wani gawo. Gawo dai ya saba wa sauran itatuwa, da damina yake kaɗe ganye, da rani ya yi kore shar, shi ya sa inuwarsa ke da daɗi a wannan lokaci. Baba ya sassauta majayi, ya hana a shayar da dawakin sai da gumi ya bushe, ya jiƙa musu dusa da ƴar kanwa. Mu kuma muka buɗe dambu da kopto, wato kwaɗon ganye, da matar Alhaji ta ƙullo mana. Wani guza ya faɗo daga kan reshe ya ruga cikin ruwa, ɗan jami'a ɗaya ya zubar da rabin kwanonsa. Dariyar da aka yi masa ke nan har la'asar.

Rana ta yi sanyi muka hango Bubon. Alhaji da Baba suka shiga gari don gaida mai gari da neman ciyawa, suka ce mu sauran mu nemi masauki kusa da ruwa. Ni na shige gaba. Can na hango wani fili shimfiɗaɗɗe, yashi fari tas, burgu kore a gefensa, ga wata ƴar hanya da ta taso daga ruwa ta ratsa tsakiyarsa ta haura wajen gonaki. Na ce wannan wuri kamar don mu aka share shi. Na juya kan kili, ya yi taku uku ya tsaya. Kunnuwansa biyu suka miƙe gaba, hancinsa ya buɗe, ya yi wani huci da ban taɓa jin ya yi ba. Na matsa masa da ƙafa, ya ja da baya. Na sake, ya juya gefe. Ga mutane shida a bayana suna kallo, tela har ya fara cewa, "Malam, ko in zo in riƙe maka ragama?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na zuba masa kaimi a haƙarƙari, na fizgi linzami da ƙarfin da bai kamata ba. Ya yi tsalle ɗaya ya faɗa filin, jikinsa na rawa. Da na sauka na ga kumfar bakinsa ta yi ja. Na sa gefen rawani na goge da sauri don kada a gani.

Muka kafa tantuna, muka buga turaku, muka hura wuta. Wuri ya yi kyau, ba ƙarya. Kirinjijiya suna wucewa garke-garke suna fito, balbelu sun yi fari fat a kan wata bagaruwa a tsibirin da ke gabanmu, zalɓe ɗaya ya tsaya da ƙafa guda kamar mai jiran bashi. Abu ɗaya ne ba wanda ya kula da shi a cikinmu: dawakin nan bakwai, bayan tafiyar yini, ba wanda ya sa baki a harawar da aka zuba masa. Duk sun juya sun fuskanci gulbi.

Bayan magariba Baba ya iso da damin ciyawa. Bai yi mana sallama ba ma. Dawakin ya tsaya yana kallo, sannan ya ce a ba shi tocila. Ya haska ƴar hanyar nan, ya tsuguna, ya kira ni.

"Malam, zo ka karanta mini wannan."

Na duba. Hanyar ba ɗaya ba ce, biyu ce a jere, kamar sawun amalanke ƙarama, da ɗan tudun ciyawa a tsakani. A inda laka take da danshi ga wani sawu mai faɗin faranti, da yatsu huɗu. Ya ɗaga tocilar kan wata ƴar geza da ke bakin hanyar: an watsa mata kashi kore har sama, kamar an yi yaɓe da ludayi.

"Da wutsiya take watsa shi," in ji Baba. "Nan take fitowa kowane dare. Kun kafa ɗakinku a ƙofar gidan dorina. Wa ya zaɓi wurin nan?"

Na ce ni ne.

"Dokinka ya yarda?"

Ban amsa ba. Ya je ya buɗe bakin kili ya haska, ya shafa haƙarƙarinsa ya ji inda kaimi ya tsaga fata. Ya daɗe bai ce komai ba. Da ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, don samarin kada su ji: "Ɗana, kai ka biya kuɗinsa, amma shi ke da hanci."

Cikin duhu muka tuge turaku muka kwashe kaya, muka haura wani tudu mai nisan kamar taku ɗari biyu, inda ake ganin filin daga sama. Alhaji bai yi faɗa ba, ya dai ce baƙo ko da ido makaho ne. Ana ɗaure dawakin a sabon wuri suka dunƙufar da kai cikin harawa. Ƙarar tauna tasu kawai kake ji, kuma ni a kunnena kamar zagi.

Da yake an riga an taru, sai aka yi zaman ƙungiya a nan bakin wuta, ana zuba shayi. Ma'aji ya fito da littafinsa ya karanta sunayen waɗanda ba su biya kuɗin wata ba, mutum uku, biyu suna zaune a wurin suna kallon taurari. Aka yi wa tsohon ma'aikacin nan barka, goɗiyarsa ta haihu, an samu duƙushi danda. Aka karɓi sababbin shiga biyu. Doguwar magana a kan abinci aka yi, kamar kullum. Mai doki a birni ba sayen dokin ke karya shi ba, ciyarwa ce. Harawar da ake samu da araha da kaka, in aka kai bazara sai ta zama kamar zinariya, kuma kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa a kasuwar Turaku yana cizon yatsa. An amince bana a haɗa kuɗi a saya da yawa lokacin girbin wake, a jibge a kan rumfa a gidan Alhaji. An kuma sake ja wa samari kunne a kan sukuwa bisa gudron, don kofato ba shi da riƙo a kan kwalta, ga ƴan kabu-kabu da ba su san doki na firgita ba. Sai tela, wanda kaiminsa ya ja ni cikin wannan abin kunya, ya kawo shawarar a hana sa kaimi a duk fitar ƙungiya. Bai dubi inda nake ba. Ba wanda ya duba. Aka ɗaga hannu, nawa ya riga na kowa.

Ban yi barci ba. Can cikin dare dila ya yi kuka a bayan tudu, wani ya amsa masa daga nesa. Wata ya fito sosai. Wajen ƙarfe ɗaya sai na ji wani gurnani daga ruwa, mai zurfi, kamar ana jan babban turmi a kan daɓe, ya ƙare da wani abu mai kama da dariyar ƙaton mutum. Kili ya ɗaga kai. Baba, wanda na zaci barci yake, ya taɓa ƙafata ya nuna da haɓa.

Da farko wani baƙin dutse na gani a bakin burgu, inda babu dutse da yamma. Sai dutsen ya taso. Ruwa na zuba daga bayanta, fatar tana sheƙi a farin wata, ta tsaya ta daɗe tana saurare. Sannan ta hau hanyar nan tata, a bayanta ga ɗa, bai fi ɗan maraƙi tsawo ba amma ya yi kiba kamar randa, yana tuntuɓe yana bin ta. Ba ta yi sauri ba. Ta bi ta daidai inda tantina yake ɗazu, ta sunkuya ta shinshina tokar wutarmu ta fari, ta yi huci, ta wuce wajen gonaki. Ni duk abin da na sani game da dorina kafin wannan dare shi ne bulalar da ake yi da fatarta, wadda dogarai ke riƙewa, sai kuma waɗanda ke kwance cikin kwamin siminti a gidan tarihi na Boubou Hama, yara na jefa musu abinci. Ban taɓa sanin abu mai wannan nauyi zai iya tafiya shiru haka ba.

Baba ya raɗa mini cewa ba cin mutum take ba, ciyawa take ci, amma kada Allah ya sa ka tsaya tsakaninta da ruwa, balle mai ɗa. In ta firgita ruwa take nufa, kuma duk abin da ke kan hanya ta bi ta kansa. Babba kan kai tan ɗaya da rabi, wasu mazan su wuce haka nesa, kuma a ɗan gajeren zango tana gudun kilomita talatin a awa. Doki ya fi ta gudu, gaskiya ne, amma ba dokin da ke ɗaure a turke da dabaibayi a ƙafa ba.

Ba a jima ba sai muka ji ana dukan garwa daga wajen gonaki, ana ihu da Zabarmanci, ga tocila na lilo. Haka aka yi ta yi, a tsaya a sake, har kusan asuba. Kafin gari ya waye ta dawo ta hanyarta ta shige ruwa, ɗan na gaba wannan karon.

Da hantsi na gangara filin. Ashe na manta butata ta roba a wurin da muka tashi. Na same ta a lotse cikin yashi, ta zama kamar faifai, ga sawun yatsu huɗu a gefenta. Ina tsaye da ita a hannu mai dukan garwar ya iso, dattijo ne, idonsa ja wur don rashin barci, yana jin Hausa sosai. Muka gaisa, na ce masa jiya mun ga abin mamaki, mun ga banga, don in nuna masa na san sunanta da harshensu. Ya dube ni, ya dubi dawakinmu a kan tudu, ya ce in biyo shi. Ya kai ni gefen gonar shinkafarsa. Wani yanki mai faɗin ɗaki uku an aske shi ƙasa-ƙasa, abin da ba a ci ba an tattake shi cikin laka. Dorina ɗaya kan ci kilo arba'in na ciyawa a dare guda, kuma ba ta bambanta burgu da shinkafar talaka.

"Ku kun zo kallo," ya ce. "Ni nan nake kwana."

Ba shi da ikon taɓa ta, ya kuma san haka. Dokar farauta ta 1998 ta hana kashe dorina. A 2017 ma, can wajen Ayoru, da mutanen ƙauyuka suka gaji da ɓarna suka kashe aƙalla 27, sai da aka yi kame, kuma a shekarar ce gwamnati ta keɓe musu wani yanki na gulbi a matsayin mafaka. Ni a aji nakan gaya wa yara cewa namun dajinmu dukiya ce da ya wajaba a kare, har yanzu kuma ban janye ba. Amma a gaban wannan gona ban iya buɗe baki na faɗi haka ba. Abin da na iya shi ne "kala suuru", sai haƙuri, shi ma na ji nauyinsa a harshena. Alhaji ya fi ni dabara. Ya sayi burgun da dattijon ya yanka, dami shida, bai nemi ragi ba, ya kuma bar masa babbar tocilarmu da batir ɗinta.

Kasuwar Bubon ta ci yadda aka ba mu labari. Jiragen ruwa suna ta isowa daga tsallake da tsibirai, shaƙe da mutane, awaki da kabewa, Sarkawa sun baza kifi, ga tuluna da randunan da matan garin suka yi suna a kansu, masu zanen fari da ja, an jera su a rana kamar ƴan matan amarya. Na saya wa uwargida tulu ɗaya, na ba wani direban da zai shiga Yamai ya kai mini Katako, don ba na ɗora tulu a kan doki. Samarin suka shiga jirgi aka zaga da su, suka dawo suna rantsuwa sun ga kunnuwa da hanci shida a bayan tsibiri. Ni ban je ba. Na zauna wurin kili ina wanke masa baki da ruwan gishiri mai ɗumi, kamar yadda Baba ya nuna mini.

Da za mu tashi na ɗauko linzami, Baba ya karɓe shi daga hannuna ya jefa cikin buhun dusa. Ya ce bakin nan ba zai ɗauki ƙarfe ba sai bayan kwana goma, in hau da ragama kawai. Na ce, "Baba, kilomita ashirin da biyar ba linzami? In ya ɗauke ni fa?" Ya ce, "In ya ɗauke ka, gida zai kai ka."

Haka muka dawo, igiya ɗaya a hannuna, kaimin yana cikin aljihu yana sukar cinyata. A wata ƙorama kafin Tondibiya kili ya sake tsayawa ya miƙe kunnuwa. Na sake masa igiyar. Ya yi ɗan kwana ta hagu, ya zagaye wani kurmin geza, ya koma kan hanya. Na waiwaya ban ga komai a wurin ba, sauran dawakin tara kuwa duk ta inda ya bi suka bi.